Hular Alhaji da Tsagar Tulu: Yadda Muke Kama Kuskure a Fim

 

Da aka ce in yi magana a zaman matasa, wasu sun zaci zan kawo muku abin da muke karantawa a jami'a can Damagaram. Da na ce kan fim zan yi magana, na ga wasu sun yamutsa fuska. Ku yi haƙuri ku saurare ni. Da wuya ka ratsa wata fada a garin nan na Mirriya da dare ba ka tarar da shayi bisa gawayi, samari sun haɗa kai kan salula guda suna kallo ba. Abin da muke yi kullum ya cancanci mu zauna ko sau ɗaya mu dube shi da idon basira.

Zan fara da tonon asirin kaina. Wasunku na tune da ɗan wasan kwaikwayon da muka ɗauka da salula bara waccan, kan wani Alhaji da aka cuce shi da takardar bashi. Ni aka ɗora ma aikin lura da kaya. Akwai fitowa guda da muka fara ɗauka ranar Juma'a da la'asar, rana ta faɗi ba mu gama ba, muka ƙarasa ranar Lahadi. Ranar Juma'a Alhaji na sanye da farar hula, hanya fayau a bayansa. Ranar Lahadi ya zo da jar dara, bayansa kuwa amalanke ke ta wucewa, don kun san ranar kasuwarmu ce. Da aka haɗa hoton, sai ga Alhaji ya fara magana da farar hula ya ƙarasa ta da ja. Daren da muka nuna, yara suka dinga ihu: "Hular Alhaji ta canza!" Na ji kamar in nutse.

Washegari wata gyatuma mai ginin tukwane a unguwarmu ta tsayar da ni. Ita hular ba ta dame ta ba. Cewa ta yi: "Ɗana, a farko kun ce an cuci Alhajin naku don bai iya karatu ba. A ƙarshe kuma shi ya karanta takardar da kansa ya gano cutar. Wa ya koya mashi karatu cikin kwana uku?" Na rasa amsa. Mu takwas muka tsara labarin, jama'a cike da fili suka kalla, ita kaɗai ta ga wannan. To maganata ta yau ke nan: mun ƙware wajen kama hula, amma tsagar da ke cikin labarin kansa tana wuce mu. Kuma duk mai sayen tulu a kasuwar Mirriya ya san bambancin zanen da ya karkace da tsagar da ke yoyo. Zanen ido kawai yake ɓata ma rai. Tsagar kuwa ita ke hana ka kai ruwa gida.

Kuskuren fim iri uku ne. Na farko shi ne kuskuren haɗi, irin na hular Alhaji. Dalilinsa sauƙi ne: ba a ɗaukar fim a jere yadda muke kallonsa. Duk fitowar da za a yi a gida guda, ko ta farkon labari ce ko ta ƙarshe, tare ake ɗaukarta don a rage kashe kuɗi. Hirar minti biyu kuma ana iya maimaita ta sau da yawa, kyamara na fuskantar wannan, sannan ta koma ga wancan. Daga baya mai haɗa hoto ya tsinto nan ya tsinto can. Shi ya sa za ka ga kofin shayi ya cika, ya ragu, ya sake cika, ko gyale ya tashi daga kafaɗar dama ya koma ta hagu. A manyan kamfanoni akwai mutum guda da aikinsa ke nan, yana rubuta komai yana ɗaukar hoton komai, wanda a Faransanci ake kira scripte.

Kada ku ce talauci ne ke jawo wannan, ko kuwa ƴan Kannywood ne kaɗai ke yi. A watan Mayu na 2019, cikin zango na 8 na shirin Game of Thrones, wanda ake kashe ma kowace fitowa miliyoyin daloli, dalar Amurka fa ba tamu ta CFA ba, an manta kofin kofi na takarda irin na zamanin nan bisa tebur, a labarin da ake yaƙi da takubba. Masu kallo suka gani, tashar HBO ta goge shi da kwamfuta cikin ƴan kwanaki. A fim ɗin Gladiator na 2000, keken doki ya kife a filin daga na tsohuwar Rum, sai ga tukunyar gas a bayansa.

Abin mamaki shi ne yawancin irin waɗannan ba ma ganinsu a kallon farko. A 1998 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Simons da Daniel Levin, sun yi wani gwaji. Mutum ya tsayar da mai wucewa yana tambayar hanya. Suna cikin magana sai wasu ɗauke da ƙyauren ƙofa su ratsa tsakaninsu, mai tambayar ya ɓuya bayan ƙyauren ya tafi, wani daban ya tsaya a madadinsa. Kusan rabin mutanen ba su lura an canza musu abokin magana ba, suka ci gaba da kwatance. Hankalinmu ma'ana yake bi, ba ya ƙirga maɓallan riga. Masu haɗa hoto sun san haka, shi ya sa sau da yawa da saninsu suke barin ƙaramin kuskure idan a nan ɗan wasa ya fi taɓa zuciya.

Akwai kuma abin da ke kama da kuskure alhali ba shi ba ne. Masu bin shirin Labarina na Aminu Saira sun san Nafisa Abdullahi ce ta fara fitowa a matsayin Sumayya, daga baya Fati Washa ta karɓa. Fuska ta canza, amma an sanar da kowa, mai kallo ya yarda aka ci gaba. Wannan yarjejeniya ce a fili, ba a ɓoye ma kowa komai ba.

Iri na biyu shi ne giɓin labari, tsagar tulu ke nan. A nan labarin ne ke ƙaryata kansa, ko ya tsallake matakin da in babu shi komai zai rushe. Ga tambayoyi uku da nake riƙewa tun ranar da gyatumar nan ta kunyata ni. Ta farko: wa ya san wannan magana, kuma yaushe ya san ta? Sau da yawa za ka ga uwar miji ta shigo tana faɗa kan sirrin da babu wanda ya gaya mata, marubucin ne ya manta cewa mu masu kallo muka ji, ba ita ba. Ta biyu: ta ina abin ya fito? Saurayin da jiya ya rasa kuɗin kabu-kabu, yau ga shi da gidan bene, an ce mana kawai "ya je birni ya dawo". Ta uku: me ya hana shi yin abu mafi sauƙi? Mata da miji sun yi fitowa goma cikin rashin fahimta, kowa da salula a hannu, kira guda zai kashe maganar, amma ba mai kira, don in an kira shirin ya ƙare.

Wannan irin ya fi yawa a shirye-shirye masu dogon zango, na gida da na waje. Idan shiri ya karɓu ana son a tsawaita shi, ana rubutu ana ɗauka, ɗan wasa ya fita a tsakiya, sai a yi ta faci. Kuma shi ne ya fi cutarwa, don yana koya ma mai kallo cewa sakamako na zuwa babu sababi. Ƙanenmu da ya shekara biyar yana ganin dukiya na faɗowa tsakanin fitowa ta 6 da ta 7, wace irin haƙuri za ka ce ya yi a garka ko a aji?

Iri na uku shi ne inda fim ya saɓa ma abin da ya faru da gaske. Wani ƙarami ne: a Titanic na 1997 jarumin ya ce yana kamun kifi a tafkin Wissota yana yaro, alhali jirgin ya nutse a 1912, tafkin kuwa sai 1917 ya samu, da aka gina madatsar ruwa. Wani kuma ya shafe mu kai tsaye. Fim ɗin Sarraounia na Med Hondo, wanda ya fito a 1986 daga littafin marubucin ƙasarmu Abdoulaye Mamani, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987, yana ba da labarin sarauniyar Lugu da ta tsaya ma rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Fim ne mai daraja. Amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma za ka ji mutanen sarauniya na magana da harshen Jula, alhali Lugu ƙasar Arewa ce wajen Dogon Dutsi, Hausa ake yi. Wanda bai san ƙasar ba haka zai haɗiye. Ragowar wannan rundunar ce fa ta gwabza da dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini a ƙarshen watan Yuli na 1899, ta shiga birnin Damagaram. In gobe wani ya yi fim kan wannan yaƙi ya juya shi yadda ya ga dama, mu nawa ne a ɗakin nan za su iya cewa ba haka aka yi ba? André Salifou, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19 tun 1971. Mu nawa muka buɗe shi?

Irin wannan lura ta girmi fim nesa ba kusa ba. A Bagadaza, a ƙarni na 5 na Hijira, an kawo wata takarda da aka ce tun zamanin Manzon Allah (SAW) aka rubuta ta, ta yafe ma mutanen Khaibara haraji. Aka nuna ma malamin tarihi Al-Khaɗib al-Baghdadi. Ya duba sunayen shaidu kawai ya ce jabu ce: akwai Mu'awiya, wanda ya musulunta a shekara ta 8, bayan Khaibara da aka ci a ta 7, akwai kuma Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda ya rasu tun shekara ta 5. Kun gani, tambayar gyatumarmu ce sak: wa ke nan, kuma yaushe?

Yanzu ga inda nake son kai ku. Fim ɗin da ya fi haɗari a salularku ba na Kano ba ne, ba na Indiya ba. Shi ne ɗan bidiyon minti ɗaya da aka turo a WhatsApp an rubuta "yanzu-yanzu a gari kaza". Kun tuna bayan 26 ga Yuli 2023 yadda tsofaffin hotuna na wasu ƙasashe suka yi ta yawo da sunan Nijar. A fim kowa ya san shiri ne, a nan kuwa ce maka aka yi gaskiya ce, kuma kan irinsa ana ɓata sunan yarinya, ana tayar da gaba tsakanin unguwanni. To idon da ya kama hular Alhaji, nan ne wurin aikinsa. An ce jiya ne, muna tsakiyar hunturu, me ya kawo koriyar ciyawa da laka? An ce Maraɗi ne, lambar motocin ta wace ƙasa ce? Wane harshe ake ji a baya, me aka rubuta a allunan shaguna? Ina aka yanke hoton, me ya faru kafin nan? Sannan tambayoyi ukun nan: wa ya sani, ta ina ya fito, me ya sa babu wanda ya gani sai wannan mai turowa? In ba ka samu amsa ba, ya tsaya a wajenka, kada ka tura.

Roƙona biyu ne. Na ɗaya, a fadodinku, in an gama kallo, ku ɗauki minti biyar kowa ya kawo giɓi guda a labarin, ban da hula da gyale, sannan ya faɗi yadda shi zai toshe shi. Za ku ga toshewar ta fi ganowa wuya. Na biyu, in za ku rubuta ra'ayi a ƙarƙashin shiri, ku soki aikin, ku bar mutuncin mai aikin. Na ɗanɗana dariyar fili guda a kan hula, na san yadda take.

Wasan namu kuwa mun sake ɗaukarsa. Wannan karon jikar Alhaji ce, ƴar lakkal, ta karanta mashi takardar, kuma hularsa a jakata ta kwana har muka gama.

 Abin da na yi kuskure a ciki, ku da kuka iya kamawa, ku gyara mini.