Hankalin da Ba Ya Aiki, Ba Ya Hutawa



A shekarar 2014 Timothy Wilson na Jami'ar Bajiniya a Amurka da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji. Sukan sa mutum a ɗaki shi kaɗai, ba waya, ba littafi, ba alƙalami, tsawon minti 6 zuwa 15, a ce ya zauna da tunaninsa kawai. A wani zagaye sai aka ajiye maɓallin da in ka danna wutar lantarki za ta ja ka. An riga an ɗanɗana musu zafin, har sun ce za su biya kuɗi don kada a maimaita. Amma da shiru ya yi musu yawa, maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 suka danna da hannunsu.

Wannan labari ya tsaya mini a rai, domin kullum ina ganin irinsa. Ku lura da sahu bayan liman ya yi sallama. Wani ko tasbihi bai kai ƙarshe ba, hannu ya riga ya tafi aljihu, babban yatsa ya fara share gilashi.

An tashe mu da ƙyamar zaman kashe wando, kuma iyayenmu sun yi gaskiya. Sai dai kada mu haɗa shi da zaman shiru. A 2001 Marcus Raichle na Jami'ar Washinton da ke Sen Luwis ya nuna cewa idan mutum ya ajiye aiki ya yi tsit, akwai sassan ƙwaƙwalwa da a lokacin ne suke ƙara himma. Su ne ke tuno jiya, su auna gobe, su ƙulla abin da aka karanta da abin da aka gani.

Masanin lissafi na Faransa, Henri Poincaré, ya ba da labarin kansa a littafinsa na 1908. Ya yi kwana 15 yana fama da wata matsala, kullum yana zama a tebur yana gwada hanyoyi. Ya ɗan samu bakin zaren, sai tafiya ta kama shi daga garin Caen tare da masu nazarin duwatsu, ya manta da lissafi. A garin Coutances, yana ɗora ƙafa a matakalar keken doki na haya, sai wata babbar amsa ta faɗo masa. Ya zauna ya ci gaba da hirarsa, sai da ya koma gida ya duba, ya tarar daidai take. Masu son jiki sukan riƙe matakalar su manta da kwana 15 ɗin. Gonar da aka bari ta huta, ai sai da aka noma ta tukun.

To mu fa? Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta daɗe tana auna tsawon lokacin da ma'aikaci ke tsayawa kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta. A 2004 kimanin minti biyu da rabi ne; a 'yan shekarun nan ya dawo kusan daƙiƙa 47. Taura biyu ba ta taunuwa, mu kuwa goma muke cusawa. Ɗalibi zai buɗe littafi, WhatsApp na ƙara a gefe, ya yi awa uku bai riƙe shafi ɗaya ba. Ya ce bari ya huta, ya kwanta da TikTok har ɗaya na dare. Bai yi karatu ba, bai kuma huta ba, ga gajiya kamar wanda ya yini a gona. Wannan hali shi ne ya fi damuna, kuma ba yara kaɗai ya kama ba.

Akwai wani mai ɗinkin hula a unguwarmu da nakan zauna kusa da shi da yamma. In ya sunkuya yana ƙirga zare, ko gaisuwa sai ya kai ƙarshen layi yake amsawa. In ya gama, ya soke allura a gefen hular, ya miƙe ƙafa, ya zuba wa hanya ido, ba ya cewa uffan. Can ya sake sunkuyawa. Ban taɓa ganin ya warware ɗinki ba.

Mu kuma ba baƙin wannan ilimi ba ne. Muna da i'itikafin goman ƙarshe na Ramadan, muna da halwa. Imam Gazali ya bar kujerarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095, ya keɓe kansa shekaru, a cikinsu ya rubuta Ihya'u Ulumiddin.

Roƙona ga ɗalibai: ku ware awa ɗaya a yini, waya a wani ɗaki, littafi ɗaya a gabanku. In kun tashi, ku taka zuwa masallaci ko bakin titi ba tare da kun toshe kunne da komai ba. Malamai 'yan'uwana kuma, in mun jefa tambaya a aji, mu daure mu bar shirun ya ɗan jima kafin mu amsa da kanmu.