Jawabi a Taron Keɓe Sabon Fasto a Barade, Jalingo



Ɗana, yau za a ɗora maka hannu. Daga gobe tsofaffin da suka girmi mahaifinka za su riƙa kiranka Baba Fasto. Kira ne mai daɗin ji, amma yakan toshe kunne. Wanda ya saba hawa mumbari yana magana kowa ya yi tsit, yakan manta yadda ake zama a saurara.

Ka tuna da Afolos a Ayyukan Manzanni sura 18. Mutumin Iskandariya ne, gwanin magana, masanin Nassi. Da ya yi wa'azi a Afisa, Bilkisu da mijinta Akila, masu ɗinkin tanti, suka lura akwai giɓi a saninsa, domin baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Suka ja shi gefe, suka cike masa abin da ya rage. Ba mu ji ya tambaye su makarantar da suka gama ba. Ya zauna ya ji, sannan ya haye Akaya, ya amfani masu bi ƙwarai.

Haka ma aikin ya fara a ƙasarmu. Mishan ɗin SUM, wadda Karl Kumm ya jagoranta zuwa Nijeriya a 1904, ta kafa tasha a Wukari a 1906. Johanna Veenstra ta zo daga Amurka a 1920, ta zauna a Lupwe kusa da Takum, ta rasu a 1933, kuma makarantar tauhidi ta Donga sunanta take ɗauke da shi. Kafin waɗannan mutane su koya wa kowa komai, sai da suka zauna gaban kakanninmu suna koyon harshe, suna kwaɓawa ana gyara musu. Ko Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito cikakke a 1932, sai da aka sake duba fassararsa daga baya.

Tun da Jalingo ta zama babban birnin Taraba a 1991, jama'a ke ta kwararowa. A kan bencinan nan akwai Mumuye, Jukun Kona, Wurkun, Jenjo da Kuteb, akwai malaman jami'a da 'yan kasuwa. Ma'aji ya fi ka sanin lissafi, ka bari ya koya maka. Iyayenmu mata sun san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, abin da ba za ka gani daga mumbari ba. Ka je ka gai da mai unguwa da limaman masallatan da ke kewaye da mu, sun riga ka sanin unguwar nan.

Ku kuma dattawa, in ya yi kuskure kada ku tsaya ƙus-ƙus a bakin ƙofa bayan sujada. Ku same shi a gida ku faɗa masa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku ware masa kuɗin littattafai a kasafin shekara, ku ba shi izinin zuwa ƙaro ilimi in dama ta samu.

Yanzu ina roƙon iyayenmu limamai su matso gaba. Ɗana, ka durƙusa. Jama'a, mu miƙe tsaye domin addu'a.