Gigin Tsufa: Binciken da Ya Kamata Mu Sa a Gaba



Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da gigin tsufa, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Tun 1906 likitan nan Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana nau'in da ya fi yawa, amma har yau ba a sami maganin warkewa ba. Kafin Allah Ya kawo shi, aikin na masana zamantakewa da halayyar ɗan'adam ne, kuma daga tsakar gida zai fara.

A 2024, kwamitin mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar. A ciki akwai ƙarancin ilimi, hawan jini, ciwon sukari, raunin ji da na gani, shan taba da kaɗaici. A Finland, gwajin FINGER da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa gyaran cima, motsa jiki da wasa ƙwaƙwalwa sun taimaki tsofaffi. Madalla. Amma me ke sa dattijo ya ajiye maganin hawan jini da zarar ciwon kai ya lafa? Ba a ɗakin gwaji ake samun amsar wannan ba, sai an zauna da mutane.

Mu ma muna da abin tunƙaho. Daga 1992 masana suka kwatanta tsofaffin Yarabawan Ibadan da baƙaƙen fatar Indiyanafolis a Amurka, suka tarar cutar ta fi ƙaranci ƙwarai a Ibadan. Wannan ya ƙarfafa zaton cewa yanayin rayuwa na da hannu, ba gado kaɗai ba.

Inda nake so mu ɗan daɗe shi ne ma'aunin gano cutar. Gwajin da likitoci suka fi amfani da shi tun 1975 yana tambayar kwanan wata, ya ce a yi ta ɗebe bakwai daga ɗari, a rubuta jimla, a kwaikwayi zane. To, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba, wadda ke lissafin shekara da damina da azumi, faɗuwa za ta yi ko da ƙwaƙwalwarta garau take. Haka malamin da ya haddace Alƙur'ani, yake rubuta ajami, sau da yawa a takardar bincike "bai yi karatu ba" ake rubuta masa. In ilimi garkuwa ne, shin karatun allo na ba da irin wannan kariya? Ga tambaya a ƙofar gidanmu, kuma ba wanda zai zo daga waje ya amsa mana ita.

Sai mai jinya. Mata ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in jinyar nan a duniya. A wajenmu 'ya ce ko matar ɗa: ita ke ɓoye ashana, ita ke sa sakata da dare kada Baba ya fice neman gonar da aka sayar tuntuni, ita kuma ake cewa ta saci kuɗin da ya ɓoye ƙarƙashin katifa ya manta. Maƙwabta su ce sammu ne, wasu su ce maita. Nawa take asara a sana'arta? Wa ke karɓarta ta runtsa? Muna yabon zumuncinmu, alhali 'yan'uwa sun watsu birane, nauyin ya koma kan mutum ɗaya.

Ina kira ga sassan nazarin zamantakewa, halayyar ɗan'adam da harshen Hausa da su haɗa kai da likitoci, su samar da ma'aunin da ya dace da tsofaffinmu. Ku kuma ɗalibai masu neman batun digiri, ku shiga gidajen nan da sallama, ku saurari masu jinya, ku rubuta abin da suka faɗa.