Fijo 504 Ko Lexus: Jawabin Kwamitin Mota A Taron Ƙungiya

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu dattawa, da 'yan'uwa mazauna Suleja baki ɗaya.

An ɗora mana nauyin mu duba ko za a sayar da Fijo 504 ta ƙungiya a sayo Lexus 'yar Kwatano, kamar yadda samarinmu suka nema. To, mun zagaya, mun tambayi direbobi da bakanikai, ga abin da muka gano.

Ita 504 a Faransa aka fara ƙera ta a 1968, daga 1975 kuma kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa a Kaduna, aka riƙa haɗa ta a gida. Shi ya sa hannun bakanikenmu ya saba da ita. Daga Tafa zuwa Jere har Kateri, in ta tsaya, da wuya a rasa mai sifana da zai buɗe kabureta ya hura, ya goge fulogi, ta tashi. Tamu doguwa ce, in an kwantar da kujerun baya marar lafiya yana miƙewa sosai har Gwagwalada. Sau nawa ta kai gawar ɗan'uwa Zariya ko Katsina? Dattawa ku ne shaida.

Amma fa mu faɗi gaskiya, ta tsufa. Kaduna ta daɗe da daina haɗa ta, kayan gyaranta na asali sai an tona Panteka, wani lokaci ma a dawo hannu rabbana. Ba ta da iyakwandishan, ba ta da jakar iskar nan da ke kare mutum in an yi karo.

Lexus kuwa, wallahi akwai daɗi. Ba ka jin rami, birkinta ya fi, sanyi kamar ɗakin banki. Sai dai cikinta duk kwamfuta ne. Fitila ɗaya ta kama a gaban direba, sai an nemi mai na'ura, sau da yawa har Apo a Abuja. Injinta babba ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 kowa ya san kuɗin lita. Kayanta kuma da dala ake shigo da su. Wani dattijo cikinmu ya ce wanda ya sayi doki ya fara tambayar kuɗin dawa, mu kuwa dawarmu ita ce ɗan karo-karon da kuke bayarwa duk wata.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa: ranar da Lexus ta shigo, masu biki za su yi layin aro, marar lafiya ya rasa mota da tsakar dare.

Saboda haka shawararmu, kada a sayi Lexus. A gyara injin Fijo da birkinta ta ƙara mana shekara guda, a buɗe asusu na musamman don sayen bas ƙirar Toyota Hiace. Ma'aji yana da lissafin gyaran, zai karanta yanzu kafin a ɗaga hannu.