Isansi a ƙarƙashin gado
Jawabin da wakilinmu ya gabatar a gaban ƴan kasuwa da ma'aikata a Maraɗi



An nemi in yi magana a kan yadda magidanci zai tsare iyalinsa cikin bazara. Sankarau da ƙishirwar jarirai na bar wa likitoci, su suka san kansu. Ni kuwa zan tsaya a kan abu guda da kowa a nan ya sani, amma ba mu son ambatonsa: isansin da muke kwana da shi a gida.

Ba yau muka fara ba. Shekaru da dama ƴan ruwa-ruwa ke shayar da babura da motocin garin nan, kuma buɗe matatar Damagaram a 2011 bai kashe sana'ar ba. Da Nijeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, lissafin ya birkice. Da ƙarancin mai ya same mu a watan Maris na 2025, har ma'aikacin da bai taɓa sayar da lita guda ba ya koyi ɓoyon jarka. To, ina ake ɓoye ta? A ɗaki, gudun ɓarawo. Wani ma ƙarƙashin gadon uwargida.

Ga abin da nike so mu gane. A watan Afrilu da na Mayu zafi yakan zarce 40 a inuwa, ɗakin kwano kuwa da azahar tanderu ne. Isansi ba ya jiran a taɓa shi, tururi yake fitarwa, kuma gwargwadon zafi gwargwadon tururin. Wannan tururi ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama ya fice ta taga, ƙasa yake bi, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya tarar da murhu ko kaskon turare. Ba sai wuta ta zo wurin jarka ba, jarkar ce ke aika manzo wurin wuta. Su wa ke kwance a ƙasa bisa tabarma? Yara.

Sai kuma ɗaukewar lantarki, wadda bazara ce lokacinta. Wuta ta tafi, a kunna kyandir. Mai hali ya tada injin wuta, man ya ƙare cikin dare, ya ɗura masa wani alhali ƙarfen na da zafi. Wani ya shigo da injin cikin zaure ya rufe ƙofa, hayaƙinsa kuwa na ɗauke da gubar da ba ta da wari, mai barci ba ya farkawa.

Mun ga abin da mai ke yi. Daren 5 ga Mayu 2019, kusa da filin jirgin saman Yamai, motar dakon mai ta kife, mutane suka zo kwasa, ta fashe. Fiye da mutum 50 suka rasu nan take. Aka yi makoki, aka koma ɓoyon jarka.

Ban zo in ce wa kowa ya bar sana'arsa ba, na san bakuna nawa ke ci daga kwalbar nan. Amma a fitar da man daga ɗakin kwana. A yi masa rumfa a inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da madafa. Kada a cika jarka har baki, domin mai na kumbura da zafi. A ajiye bokitin rairayi kusa, tun da isansi yana tasowa kan ruwa, wanda ya watsa masa ruwa ya shimfiɗa wutar ne. A koya wa yaran gida lambar ƴan kwana-kwana, 18.

Saura hukuma. Yau kame, gobe kau da kai, kuma duk ranar da aka tsananta kamen, man ƙara nutsewa yake cikin ɗakuna. Ku da ke da ƙungiyoyi, ku nemi hukumar gari ta keɓe fili a bayan gari inda za a riƙa tara man, da mai gadi.