Ruwan Rijiya da Itatuwan Gona

Ya ku manoma da makiyaya na Filinge da ƙasar Kurfai. Yau za mu yi magana a kan rijiya.

Kun san farin 1973 da na 1984. Ruwan sama ya ragu. Kowa ya zaci ruwan rijiya ma zai gudu. To, masana na Nijar da na Faransa sun auna rijiyoyi kudu da mu, tsakanin Yamai da Dallol Boso. Sai suka ga abin mamaki. Daga 1963 zuwa 2007 ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau kimanin mita 4, wato gaba biyu da ɗoriya.

Mene ne dalili? Sassabe ne. An sare daji an yi gonaki. Ƙasa ta zama fako. In an yi ruwa, ba ya tsayawa a gona. Sai ya bi kwazazzabo ya taru a tabki, daga nan ya nutse ƙasa.

Kada ku yi saurin murna. Ruwan da ya ƙaru a rijiya, shi ne gero ya rasa. Kuma da ƙasa mai kyau ya tafi.

Saboda haka, in kuna sharar gona, ku bar gawo da kalgo da sabara su tofo. Ku haƙa tassa da rabin wata a kan fako, ku zuba taki. Ruwa ya tsaya inda ya sauka.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.