Gajiyar Ƙarfe: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Da sakatare ya ce in yi magana kan abin da na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, sai na ga gara in kawo muku wani guntun ƙarfe da ya kunyata ni. Ga shi nan a kan tebur.

Da na kama aikin gwamnati, na saya wa Hajiyarmu injin niƙa a Samaru, muka ɗauki wani yaro yana kula da shi. Ran nan ana cikin markaɗen wake sai kiranshaf ya karye biyu. Na zo a fusace, na ce ganganci ne, na sallami yaron.

Washegari na kai karyayyen ƙarfen Sabon Gari neman irinsa. Wani dattijon makanike, tsohon ma'aikacin reluwe, ya goge bakin karayar da tsumma, ya ce, "Ɗana, wannan ai ya daɗe yana mutuwa." Ya nuna mini. Fiye da rabin wurin sumul yake, da layi-layi kamar shatan ruwa a bakin rafi. Ɗan abin da ya rage ne kawai mai kaushi, shi ne ya ɓalle a ranar. Jama'a, wannan fa darasi ne da na ci jarrabawarsa a Samaru, amma sai da wanda bai shiga jami'a ba ya tuna mini.

Sunan abin gajiyar ƙarfe. Nauyin da bai isa ya karya ƙarfe a tashi ɗaya ba, in ana ta ɗora shi ana saukewa, zai buɗe 'yar tsaga, ta riƙa tafiya a hankali. An ƙara mai da hankali a kan haka bayan hatsarin jirgin ƙasa kusa da Basai a Faransa a 1842, inda gatarin ƙafafun jirgin ya karye. Daga baya wani Bajamushe, August Wöhler, ya yi shekaru yana gwaji a kai.

Kiranshaf ɗinmu na ƙarfen zubi ne mai danƙo. A ƙarfen zubi na gargajiya, baƙin sinadarin nan da ake yin bakin fensir da shi yana kwance ne falle-falle, kowane falle kamar tsaga, shi ya sa yake fashewa kamar tukunya. A 1943 Keith Millis a Amurka ya gano cewa in an zuba ɗan magnisiyam a narkakken ƙarfen, sinadarin zai dunƙule kamar ƙwayar gero, ƙarfen ya iya lanƙwasa kafin ya karye. Amma in an bar ɗan kogo a ciki wajen zubi, daga nan tsaga take farawa.

Inda maganar ta fi wuya shi ne nauyin ba ɗaya ba ne. Injinmu yana juyi kusan 650 a minti, wato 312,000 a awa takwas. Yanzu jiƙaƙƙen wake, an jima busasshiyar masara, can kuma tsakuwa ta faɗa ciki. In nauyi ya ninka biyu, saurin tsagar kan ninka takwas ko fiye. A 1945 wani injiniya, Miner, ya ce a ɗauka kowane nauyi yana cin rabonsa na rayuwar ƙarfen, sai a tara. Lissafin yana da amfani, amma bai kula da wanne ya riga wanne ba. Abin mamaki, babban nauyi guda ɗaya kan danne bakin tsaga, ta rage gudu na wani lokaci. Kada wani ya ce na ba shi izinin lodin wuce kima. Layukan nan da dattijon ya nuna mini, kowanne shaidar canjin nauyi ne ko tsayawar inji.

Ya kuma koya mini dabarar reluwe. A wanke ƙarfe, a shafa kananzir, a goge, a barbaɗa garin alli, a ɗan buga da guduma. In akwai tsaga, kananzir zai tsattsafo ya ɓata allin. Masu injin niƙa da injin ban ruwa a cikinmu, wannan bai kai kuɗin kwanon masara ba.

Yaron kuwa, na neme shi, na same shi yana tura baro a kasuwar Sabon Gari. Na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma bai yarda ya dawo ba.

In an tashi, wanda yake so ya zo ya shafa wurin da yatsa. Malam mai koya mana kimiyya, kai za ka fara.